Me ya sa rijiyar Kano ke cin karo da dutse, ta Maiduguri kuwa sai yashi?

"Malam, barka da aiki. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse. A Kano da Zariya da Funtuwa, da mun yi mita 20 ko 30 sai mu ci karo da dutse mai tauri, sai an sa kwampireso da hama. Amma da aiki ya kai mu Maiduguri da Birnin Kebbi, mun wuce mita 200 ba mu ga dutse ba, yashi ne da laka ke ta musanya. Ina dutsen ya tafi? Kuma na ji ana cewa teku ta taɓa rufe Sakkwato, har ma wai shi ya sa ake neman man fetur a Bauchi da Borno, ba a nema a Kano. Gaskiya ne?"

Barka kadai, Malam. Tambaya uku ka yi a haɗe: ina dutsen ya shiga, ko teku ta taɓa zuwa Sakkwato, sannan mene ne haɗin wannan da man fetur. Ta farkon amsarta gajeriya ce. Dutsen bai je ko'ina ba. Wanda hamarka ke bugawa a Kano yana nan ƙarƙashin Maiduguri da Birnin Kebbi da Gombe, sai dai can ya nutse, yashi da laka sun hau kansa, wani wuri ɗaruruwan mita, wani wuri kilomitoci. Irin wannan wuri da tsohon dutse ya lotsa, ruwa da iska suka cike shi da yashi da laka har suka daskare, shi muke kira kwari a wannan fanni, ko da kuwa yau in ka tsaya a kansa shimfiɗaɗɗen fili za ka gani. Abin da ke buƙatar dogon bayani shi ne dalilin da ya sa dutsen ya nutse a can bai nutse a nan ba, kuma dalilin ya girmi yashin da ka haƙo nesa ba kusa ba.

Dutsen da ke ƙarƙashin kowa

Kusan rabin faɗin Najeriya tsohon dutse ne a fili, ko kuma da 'yar ƙasa kaɗan a kansa. Kano, Zariya, Kaduna, Gusau, yawancin Katsina, garin Bauchi, Abuja, duk a kansa suke zaune. Mitoci 20 ko 30 da kake wucewa kafin ka ji tauri ba wani abu ba ne illa shi dutsen, wanda ruwan sama da zafi suka ruɓar da samansa ya koma jar ƙasa da marmara da yumɓu. Shi ya sa in ka lura da abin da ke fitowa daga ramin, a hankali yake canzawa: jar ƙasa, sai yumɓu mai ƙyalli-ƙyalli, sai dutse mai murmushewa a hannu, sai mai tauri. Babu iyaka tsayayya a tsakani, domin abu ɗaya ne.

Shekarun wannan dutse ba kintace ake yi ba. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zirkon, waɗanda ke riƙe da yuraniyom tun ranar da suka daskare. Yuraniyom yana rikiɗewa ya koma dalma da saurin da aka sani, don haka in aka auna nawa ya rage, nawa ya rikiɗe, sai lissafi ya fito. Da wannan awo aka sami duwatsu a kusa da Kaduna da suka haura shekara biliyan 3. Amma abin da ya ba dutsen ƙasarmu fasalin da yake da shi yau ya faru ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce.

Karon da ya naɗe ƙasa

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Alluna ne manya-manya da ke motsi santimita kaɗan a shekara. A wancan zamani akwai wani tsohon allo mai kauri da sanyi a yamma da mu, wanda yau yake ƙarƙashin Gana da Kodebuwa da Burkina Faso da yankin Liptako na yammacin Nijar. Tsakaninsa da ƙasar da ta zama Najeriya da Ayar, wato tsaunukan Azbin na arewacin Nijar, akwai teku. Tekun ta yi ta tsukewa har ta rufe, allunan suka yi karo. Layin da suka haɗu ana iya binsa daga yammacin duwatsun Hoggar a Aljeriya, ya ratso gabashin Mali, ya sauko ta Benin da Togo har kudu maso gabashin Gana. Masana suna kiran wannan lamari karon Fan-Afirka, kuma yana cikin kare-karen da suka harhaɗa babbar nahiyar Gondwana, wadda Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostireliya da Antatika suke ciki.

Dutsen da ke can ƙasa, cikin zafi da matsi, ba ya fashewa in an matse shi, naɗewa yake yi. Je ka kowane wurin da ake fasa dutse a hanyar Kaduna ko Abuja ka dubi bangon: za ka ga zane fari da baƙi a lanƙwashe, wani ya naɗe har ya koma kan kansa. Wannan naɗin a zurfin kilomitoci masu yawa ya faru. Wani sashe kuma narkewa ya yi, ya taso, ya daskare bai kai sama ba, ya zama giranit. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi irinsa ne. In yau kana iya hawa kan Kufena, to duk tsaunukan da suka taɓa rufe shi sun zaizaye. Mu da muke Kano da Zariya a kan saiwar tsaunuka muke zaune, tsaunukan da masana da dama ke ganin sun kusa kamo Himalaya a tsayi.

Karon ya bar abu biyu da suka shafi tambayarka. Na farko, ya jera duwatsun a layi-layi, galibi daga arewa zuwa kudu. Ana ganin haka ƙarara a zirin duwatsun Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari da Zungeru, waɗanda tsofaffin laka da yashi ne da aka matse aka gasa. Na biyu, da dutsen ya fara hucewa sai ya daina naɗewa ya koma tsagewa. Manyan tsagogi suka ratsa shi na ɗaruruwan kilomita, irin su tsagar Anka da ta Kalangai da ta bi ta Zungeru. Ruwan zafi ya bi ta waɗannan tsagogi ya ajiye farar ƙanƙarar dutse da zinariya, wani wuri haɗe da dalma. Zinariyar Zamfara daga nan take, haka ma dalmar da ta halaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen a cikin gidaje.

Riƙe maganar tsagogin nan. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke tana iya shekaru tana aiki, amma ranar da ta sake faɗuwa, ta wajen ɗinkin za ta buɗe. Haka ɓawon ƙasa yake. Tsagar da ta haɗe shekara miliyan ɗaruruwa tana nan da rauninta, kuma duk ranar da aka ja nahiyar, ita ce farkon amsawa.

Abin da ke sa ƙasa ta lotsa

Kafin mu je Binuwai, bari in faɗi yadda rami mai zurfin kilomita 5 ko 10 ke samuwa, domin mutane da yawa suna zaton ruwa ne ya haƙa shi. Ruwa ba ya haƙa irin wannan. Kogi yana iya yanka kwazazzabo, amma ba ya iya saukar da ƙasa ta koma ƙasa da matakin teku da kilomitoci. Ƙasar ce da kanta take nutsewa, ruwa kuwa cikewa kawai yake yi.

Ɓawon nahiya yana da kaurin kilomita 35 zuwa 40. A ƙarƙashinsa akwai wani dutse da ya fi shi nauyi, ana kiransa mantil. Ɓawo yana zaune a sama ne saboda ya fi sauƙi, kuma tsayin da samansa ke kaiwa ya danganta da kaurinsa: mai kauri ya yi tudu, siriri ya yi ƙasa. To in aka ja ɓawon ta gefe biyu, sai ya sirance. Samansa, da yake da sanyi, ya tsattsage, wasu gutsattsari su zame ƙasa su bar dogon rami mai bango biyu. Wannan shi ne nutsewa ta farko, kuma da sauri take faruwa a ma'aunin wannan fanni, wato cikin shekara miliyan 10 ko 20.

Sai ta biyu, wadda ta fi jan lokaci. Yayin da ɓawo ya sirance, mantil mai zafi yana matsowa sama ya cike gurbin. Bayan jan ya tsaya, sai ya fara hucewa. Dutse in ya huce yana tsukewa ya ƙara nauyi, don haka wurin ya ci gaba da sauka sannu a hankali har fiye da shekara miliyan 100, kuma wannan karon faɗin wurin da ke sauka ya fi na ramin farko nesa. Wani masani na jami'ar Kambirij a Ingila, Dan McKenzie, shi ya tsara lissafin wannan a 1978, kuma har yau da shi kamfanonin mai ke fara aiki.

Ta uku ita ce nauyin kayan da aka zuba. Yashi da laka sun fi ruwa nauyi, don haka duk abin da kogi ya kawo yana ƙara danna gindin. Ramin da zurfinsa kilomita 1 ne cike da ruwa yana iya haɗiye yashi da laka na wajen kilomita 2 da rabi kafin ya cika. Wannan ne ya sa kake iya samun dutsen yashi mai kaurin kilomitoci wanda daga ƙasansa har samansa a ruwa marar zurfi aka ajiye shi. Ramin bai taɓa yin zurfi a lokaci guda ba, gindin ne ke sauka ana cikewa. Kuma kada kaurin ya ruɗe ka: kilomita 6 cikin shekara miliyan 60 bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara ba.

Akwai kwaruruka da ke samuwa ta wata hanya, inda nauyin sabon tsauni ke lanƙwasa ɓawon da ke gabansa, kamar filin kogin Ganga a gindin Himalaya. Namu na nan ba irinsu ba ne, sai dai wani sashe na kwarin Bolta a Gana, wanda ke gaban tsaunukan karon Fan-Afirka.

Binuwai: tsagar da ba ta zama teku ba

Wajen shekara miliyan 130 zuwa 100 da suka wuce Gondwana tana cikin rabewa, Amurka ta Kudu ta janye daga Afirka. In ka dubi taswira za ka ga ƙuƙumin Brazil ya dace da lungun gaɓar Gini. Ba siffa kaɗai ba: tsofaffin tsagogin arewa maso gabashin Brazil, irin ta Pernambuco, suna ci gaba a Kamaru, duwatsun ɓangarorin biyu shekarunsu ɗaya. A daidai wannan lungu tsagar ta yi rassa uku. Biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama tekun Atlantika. Na ukun ya kutso cikin nahiyar ta arewa maso gabas, ya buɗe kaɗan ya tsaya. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kilomita 800 zuwa 1,000 da faɗin 100 zuwa 150, wanda a samansa ya rabu biyu: reshe ɗaya ya yi Yola, ɗaya ya bi Gongola ta Gombe ya nutse ƙarƙashin Borno. Yashi da lakar da ke cikinsa sun kai kaurin kilomita 5 zuwa 6 a wurare.

A kan yadda ya buɗe akwai saɓani. Kevin Burke da abokan aikinsa, a farkon shekarun 1970, sun ɗauke shi a matsayin reshen da aka ja kai tsaye ya gaza zama teku. Daga baya wani masani mai suna Benkhelil, wanda ya yi aiki sosai a filin, ya nuna cewa gefunan biyu gogar juna suka yi, ɗaya ya zame ta gefen ɗaya, ƙananan ramuka suka buɗe a inda tsagogin suka karkace. Ni dai abin da na gani a yankin Gombe da Kaltungo ya fi karkata ni ga magana ta biyu, domin gindin ba rami ɗaya ba ne, ramuka ne da tudda a jere, har tsohon dutse yana leƙowa a tsakiyar kwarin, kamar a dutsen Gombe da na Kaltungo. Amma duk ɓangarorin sun yarda cewa tsofaffin tsagogi ne suka farka.

Abin da aka fara zubawa a ramin shi ne dutsen yashin Bima, wanda ya samo sunansa daga dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa. A can nake son kai ɗalibai, domin dutsen da kansa yake bayani. A ƙasansa za ka ga manyan tsakuwoyi masu kaifi, gutsattsarin giranit da suka gangaro daga bangon ramin ba su yi nisa ba balle su goge. Kana hawa yashin na ƙara laushi, da zane-zane a karkace irin wanda kogi ke bari in yana tura tudun yashi gaba. Daga karkatar zanen ana gane inda kogin ya dosa.

Sai teku ta shigo. Wajen shekara miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce matakin teku a duniya ya yi tashin da ba a cika ganin irinsa ba. Ruwa ya biyo ta Binuwai daga kudu, wani ya sauko ta Sahara daga arewa, suka haɗu. Dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka don siminti a wannan teku ya taru, kuma cike yake da ɓawon wasu halittun ruwa masu naɗi kamar ƙahon rago, waɗanda ake kira amonayit. Na sha ɗaukarsu da hannuna a can. Gishirin Awe da Keana a Nasarawa, da dalma da tutiyar Zurak da Abakaliki, duk na wannan kwari ne.

Binuwai yana da wani abu da ya bambanta shi. Wajen shekara miliyan 85 da suka wuce alkiblar motsin Afirka ta canza, kwarin da aka ja ya koma ana matse shi. Shimfiɗun da ke kwance suka lanƙwashe, wasu suka tasa kai sama, kamar a Lamurde da Abakaliki. Tudun Abakaliki da ya taso ya tura magudanar yashi yamma, aka sami kwarin Anambara mai kwal ɗin Inugu, daga bisani kuma kayan suka ci gaba da tafiya kudu suka gina Neja Dalta, inda kaurinsu ya haura kilomita 10.

Reshen Binuwai kuwa ba shi kaɗai ba ne. Tsagogi 'yan uwansa sun buɗe a lokaci ɗaya a Termit ta gabashin Nijar, da Doba a kudancin Chadi, da Muglad a Sudan. Duk ukun yau ana haƙar mai a cikinsu.

Sakkwato da Chadi

Gaskiya ne teku ta rufe Sakkwato, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da muke kira kwarin Sakkwato gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari, Iullemmeden, wanda yawancinsa a Nijar yake, ya taɓa Mali da Benin da Aljeriya. In ka taso daga Gusau kana kan tsohon dutse ne har wajejen Talatar Mafara, daga nan ka hau kan yashi. Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, karkatar da ido ba ya gani, don haka kana tafiya yamma kana hawa kan sababbi: Gundumi a ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina, sai Gwandu a sama. Sunayen duk na garuruwan da aka fara bayyana kowace shimfiɗa ne.

Tekun ta shigo daga arewa, ta Mali da Nijar, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, ta ja da baya, ta sake dawowa wajen miliyan 60. A lakar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar simintin Sakkwato ke ci tun shekarun 1960, ɓawon halittun wannan teku ce, haka ma ta Malbaza a ƙetaren iyaka. Can arewa, shimfiɗun da suka girmi waɗannan su ne ke ɗauke da yuraniyom ɗin Arlit da kwal ɗin Anu Araren, da ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, na Gadufawa da Ingal.

Sai dai wannan kwari ba irin Binuwai ba ne. Faffaɗa ne, marar zurfi sosai, ba a naɗe shi ba, kuma a ɓangaren Najeriya kaurinsa a galibin wurare bai kai kilomita 2 ba. Dalilin lotsawar irin waɗannan kwaruruka na tsakiyar nahiya yana cikin abin da masana ba su gama daidaitawa a kai ba har yau: wasu na cewa hucewa ce bayan wani tsohon ja da ke ɓoye a ƙasa, wasu na cewa motsin mantil ne ke janyo shi. Abin lura dai shi ne gefensa na yamma ya bi layin karon Fan-Afirka ta wajen Gao. Kada kuma in sa ka ɗauka kowane kwari sai ya bi tsohuwar tsaga. Kwarin Bida ya miƙe ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, ya gitta layin tsofaffin duwatsun, kuma asalinsa ma ana muhawara a kai.

Kwarin Chadi kuwa hawa biyu ne. A ƙasa akwai tsagogi masu zurfi irin na Binuwai, cike da kayan zamaninsa. A sama kuma wata faffaɗar shimfiɗa ce ta yashi da yumɓun tafki, wadda ba ta wuce 'yan miliyoyin shekaru ba, ta rufe komai tun daga Gumel da Haɗeja har tafkin. Ita ce ka haƙa a Maiduguri. Da za ka ci gaba sai ka yi kilomitoci kafin ka ji dutsen Kano.

Ruwa da mai

A sana'arka bambancin yana da amfani kai tsaye. A kan tsohon dutse ruwa ba ya zama cikin dutsen, sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagogi. Shi ya sa rijiya biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ta cika ɗaya ta bushe, kuma shi ya sa safiyon lantarki, wato awon ƙasa da lantarki don gano tsaga, kafin haƙa ba ɓarnar kuɗi ba ne. Shawarata a irin wannan wuri: in ka shiga lafiyayyen dutse ka yi nisa, garin da ke fitowa busasshe ne, babu alamar tsaga, ƙarin zurfi ba kasafai yake kawo ruwa ba, domin tsagogi suna rufewa ne in aka yi ƙasa. Na sha ganin an ci kuɗin mai gida a kan mitocin da tun farko an san babu komai a cikinsu. Gara a matsa gefe a nemi tsagar.

A cikin kwari ruwa yana tsakanin ƙwayoyin yashi ne, shimfiɗa guda tana iya tafiya kilomita ɗari. A Maiduguri yashin da ke riƙe da ruwa hawa uku ne: na sama bai cika wuce mita 100 ba, na tsakiya wajen mita 300, na ƙasa ya haura 500. Na tsakiya da na ƙasa yumɓu ya danne su, don haka a da in aka huda su ruwa da kansa yake tsartuwa. Ƙarfin ya ragu ƙwarai saboda rijiyoyin da aka bari suna kwarara dare da rana tun shekarun 1960. Yashin Gwandu ma yana yin haka a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Amma kwari ba tabbacin ruwa kusa ba ne: a kan yashin Kerri-Kerri, wajejen Dukku da Darazo, ruwan yana zurarewa ƙasa, sai a wuce mita 100 ba a kai gare shi ba.

Mai kuwa sharuɗɗansa sun fi yawa. Ana buƙatar baƙar laka mai ɗauke da ragowar ƙananan halittun ruwa. Ana buƙatar a binne ta har ta dahu: zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, mai kuma yana fita ne tsakanin digiri 60 da 120, wato zurfin kilomita 2 zuwa 4. In ya wuce haka sai ya koma iskar gas. Sannan ana buƙatar yashi mai ƙofofi da zai riƙe shi, da yumɓu a sama da zai hana shi tserewa, da lanƙwasa ko tsagar da za ta tare shi wuri ɗaya, kuma tarkon ya riga man zuwa. Tsohon dutsen Kano ya sha zafin ɗaruruwan digiri tun shekara miliyan 600 da suka wuce, babu abin da ya rage a cikinsa da zai zama mai. Wannan ne dalilin da ba a nema a can, ba siyasa ba.

Teku kaɗai ma ba ta wadatar. Sakkwato ta ga teku, amma siraran shimfiɗunta ne matsalar, domin lakar ba ta nutse inda za ta dahu sosai ba. A Borno kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23 a shekarun baya, abin da aka gani alamun gas ne a kaɗan daga ciki. Amma a Termit, ƙetaren iyaka, kayan sun haura kaurin kilomita 10, kuma tsagar ta sake buɗewa karo na biyu bayan ta farko, ta samar da sabon yashi da yumɓun da ya rufe shi. Daga nan man Agadem ke fitowa, wanda matatar Soraz ta kusa da Damagaram ke tacewa tun 2011, kuma tun 2024 ake tura shi ta bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin. Kwari ɗaya ne a taswira, amma tarihin gindinsa ya sha bamban daga wannan gefe zuwa wancan.

Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, yana cikin reshen Gongola, inda akwai kauri, akwai lakar teku, akwai lanƙwasa. An haƙa rijiya ta farko a can a 1999 aka sami gas, NNPC ta sanar da samun mai a ta biyu a 2019, shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022. Ta fuskar duwatsu wurin ya cancanci nema. Sai dai matsar da ta lanƙwasa Binuwai tana iya gina tarko, tana kuma iya fasa wanda ya riga ya cika, ga duwatsun wuta da suka kutsa cikin shimfiɗun daga baya, waɗanda kan ƙona abin da ke kusa da su. Taswira da awon girgiza, wanda ake girgiza ƙasa a saurari amsar da ke dawowa daga shimfiɗu, suna nuna inda tarko yake ne kawai. Ko akwai mai a ciki, da yawansa, da ko zai biya kuɗin fito da shi, wannan sai rijiyoyi da yawa da gwajin kwarara na tsawon lokaci suke faɗa, kuma duk wanda ya ba ka adadi kafin a yi su, hasashe ya ba ka.